Akwatin da Baba Ya Koya wa Sallama

Cikin marka ne, masara ta fara goyo, shanya tana kwana a igiya ba ta bushe ba. Ruwa ya yi kyau a shekarar, amma hankalin mutane bai kwanta ba. Gonakin da ke can bakin daji an bar su ga ciyawa, kowa yana noma kusa da gari yana waige. Baƙo in ya tsayar da babur a bakin layinmu yana waya, sai ka ji majalisa ta yi tsit har ya wuce. Sunan da kowa yake tsoron a liƙa masa shi ne infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labarin gari. Wanda aka liƙa wa, ko bai yi ba, zaman gari ya gagare shi.

A wannan damina Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke kira Baba. Daga Allah muke, gare shi Baba ya riga mu komawa. Ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ban yi zurfi a karatu ba, ajin yaƙi da jahilci na yi ina da goyo. Amma na ga yadda ake manta mutum, ana fara cewa “marigayi” har a daina faɗin abin da ya yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Masu gaisuwa sun zo da yawa, kuma abin da na lura, kowa sai ya fara da hawaye ya ƙare da murmushi. 'Yan kasuwar hatsi ta Funtua, inda Baba ya yi rayuwarsa yana saye da sayarwa, sun cika rumfar ƙofar gida. An ce ɗaya daga cikinsu ya rantse tun suna samari bai taɓa ganin Baba ya karɓi buhu bai soke shi ta sama da ta ƙasa da ta tsakiya ba, ko da buhun na aminin nasa ne. Mai ƙosan bakin layi ta shigo cikin gida tana share ido, ta ce mana, “Wallahi kullum sai ya sansana man, kullum sai ya saya. Yanzu wa zai sa ni canza mai?” Wani dattijo daga Dayi ya zauna har aka yi addu'a, da zai tafi ya ce da maigidana, “Ubanka ne kaɗai ya taɓa tuhumata a gabana, ya kuma wanke ni a bayana.”

Washegarin jana'iza, bayan la'asar, ruwa ya sauko ya koro maza daga rumfa zuwa zaure. Ɗakin Baba yana manne da zauren, ƙofarsa a buɗe, shimfiɗarsa a naɗe. Ana cikin shafa fatiha sai aka ji wani abu ya ɗauki kuka a cikin ɗakin, kukan fanka ƙarama, shuuu. Aka waiwaya. A kan teburin da ke gefen gadon Baba wata 'yar fitila koriya ta kunna kanta, tana ƙyaftawa. Babu kowa a ɗakin.

Wani tsoho ya yi a'uziyya da ƙarfi ya nemi takalmansa. Wani ya ce, “Menene wannan?” Aka ce masa ai akwatin jikan Alhaji ne, na Legas, daga can yake kunna shi. Maimakon wannan amsa ta kwantar da hankali, sai ta tayar. Wani ya ce, “Daga Legas? Abin da ake kunnawa daga Legas, ai daga daji ma a iya kunna shi.” Ƙanin Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya miƙe ya shiga ɗakin ya fizge wayar wutar. Fanka ta mutu. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa, har ta shigo mana cikin gida ta bakin mata: wai a ɗakin mamaci akwai na'ura mai tashi da kanta tana aika labarin wanda ya shigo da wanda ya fita.

Jikan da ake magana ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan rubuta ba. Baba ne ya ɗauke shi tun daga yaye, a ɗakinsa ya girma, shi ya kai shi makaranta, shi yake tsaya masa in an taso shi. Ni da ubansa kunya ba ta barin mu buɗe baki a kansa, ko yabo ko kariya. Ranar nan da na ji maganar mata, abin da ya fara zuwa mini shi ne, mai tsaya masa ɗin jiya aka binne shi.

Amma kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari in faɗi wane ne Baba.

Tambayoyi biyu gare shi, duk wanda ya san shi ya san su. Ta farko, “Wa ya aiko ka?” Mai tallan maganin feshi, ɗan siyasa, mai neman aure, har akuyar maƙwabta in ta leƙo zaure sai ya tambaye ta. Ta biyu kuwa, “An gwada?” In aka kawo masa sabon irin masara aka ce yana ninka amfani, sai ya shuka shi a kunya kaɗan a gefe, ya jira kaka. Taki in an sayo, sai ya ɗebo a tafin hannu ya zuba a kofin ruwa ya ga ko yashi zai kwanta. In aka kawo masa maganar mutum, aka ce wane ɓarawo ne, nan ma tambayar ɗaya ce. Baba yana zargin kowa, amma ban taɓa ganin ya yanke wa kowa hukunci a kan zargi ba. Mutane sun fi tuna rabin farko, ni na fi tuna na biyu.

Lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu na nuna ina so, maigidana ya ce sai abin da Baba ya ce. Baba ya ce, “Wa ya aiko su?” Bai hana ba, bai amince ba. Sai ya ɗauki buzunsa ya je ya shimfiɗa a ƙofar ajin, a fili, kowa yana ganinsa, ya zauna yana jan carbi yana sauraron abin da malamar take koyarwa. Da ya gamsu ya dawo ya ce, “Koyon baƙi ne da lissafi, babu wani abu a ƙasa.” Da yamma ya aiko mini da jaka da fensir. Duk lokacin da na kai masa abinci bayan nan sai ya miƙo mini kwalin magani ko buhun taki ya ce, “Malama, karanta mana, kada su ce mun ci abin da ba mu sani ba.” Shi ya fara kirana Malama, da tsokana, har ya bi ni.

Yaron nan da ya gama karatu ya samu aikin kwamfuta a Legas. Baba ba ya cewa Legas, Ikko yake cewa, shi kuma yaron ya koma “mutumin Ikko”. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu, ba a shiga. Shi yana ce wa Baba “Tsoho”, Baba yana ce masa ya gudu ya bar masa mata, wato Hajiya kakarsa. Wata sallah da ya zo gida ya sa mana sola. Baba ya ce baturan nan a ɗakinsa za su zauna, don nan ne mai ƙofar ƙarfe, kuma shi ba ya barci mai nauyi. To tunda wutar a nan take, nan yaron ya ajiye akwatin.

Baƙi ne, bai kai girman kwalin taliya ba, ba shi da gilashin kallo, ba shi da maɓallan rubutu. Shi yana ce masa saba, mu muna cewa akwati. Ya ce kwamfuta ce mai ajiya: hotunan gidanmu tun na da, da bidiyon bukukuwa, da kayan aikinsa, duk suna ciki. Ya ce ɗakin haya yake zaune a can, yau an yi sata gobe ruwa ya shiga, ya fi son abinsa ya zauna a gida. Kuma don kada ya cinye wutar da firji da fanka suke buƙata, a kashe zai riƙa zama. In yana son wani abu a ciki, daga can zai aiko masa da saƙo ta intanet, akwatin ya tashi, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya sake kwantar da shi. Sharaɗi ɗaya ne: a bar wayar wutarsa a jone, a bar siririyar wayar da ta haɗa shi da ɗan abin intanet mai ƙahoni. In aka zare, ko zai kwana yana aike ba zai tashi ba.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Abin da yake zaune yana jiran saƙo, shi ma yana iya aikawa.”

“Tsoho, ba shi da kunne, ba shi da ido.”

“Kai ka ƙera shi?”

“A'a.”

“To.”

Bayan yaron ya koma, ranar farko da akwatin ya tashi Baba yana kishingiɗe yana shan fura. Ina tsakar gida na ji ludayi ya faɗi. Ya fizge wayar, ya ɗauki wayar salularsa ya kira Legas, muryarsa har madafi.

“Kai, mutumin Ikko! A gidan wa ka koyi shiga ɗakin mutane babu sallama?”

“Tsoho, ai ba ni na shigo ba, saƙo ne.”

“Ɗan aike ma sallama yake yi. Wa ya aiko shi? Ba kai ba?”

Daga ranar aka kafa doka. Akwati zai zauna a zare. In yaron yana buƙatarsa, sai ya kira Baba ya yi cikakkiyar sallama, ya tambayi lafiyar gida da ta gona, Baba ya amsa, ya ce, “Tsaya in jona maka,” ya jona, ya ce, “To, shigo.” Sannan fanka ta tashi. In ya gama Baba ya zare. Yaron ya yi ƙorafi wurin kakarsa, wai duk amfanin abin shi ne ya tashi ba sai an taɓa shi ba, yanzu Tsoho ya mayar da shi kamar injin niƙa. Hajiya ta ce, “Kai dai ka gode Allah bai sa shi alwala ba.” Ni kuwa na lura da wani abu, ban faɗa ba. Yaron da yake yin mako bai kira ba, ya koma kusan kullum sai an ji muryarsa a gidan.

Doka ba ta ishi Baba ba, sai da ya gwada. Wata rana da azahar na kai masa tuwo, akwatin yana kunne, yaron yana aiki daga can. Baba ya yi mini nuni da hannu in zauna a bakin ƙofa. Ya ce a hankali, “Malama, ki zama shaida.” Sai ya juya ya fuskanci akwatin, ya gyara murya, ya ɗaga ta kamar mai magana da kurma:

“Gonar Bakori dai na sayar! Na sayar wa wani Alhaji daga Malumfashi, an gama magana!”

Gonar Bakori ta gado ce, ta mahaifinsu, shi da Baba Ƙarami suke da ita. A can yaron nan ya koyi riƙe fartanya, yana sonta fiye da komai. Lissafin Baba shi ne, in akwati yana ji, kafin rana ta faɗi waya za ta shigo daga Ikko.

Waya ba ta shigo ba. Amma ban gama kwashe kwanuka ba sai ga Baba Ƙarami ya faɗo ɗakin, hula a karkace, yana haki.

“Yaya! Gonar ubanmu za ka sayar ban sani ba?”

Tagar ɗakin Baba tana kallon lungun da ake bi zuwa sashen Baba Ƙarami. Baba ya dubi ƙaninsa, ya dubi tagar, ya dubi akwatin, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Na kafa wa akwati tarko, ya kama mini mutum. Wa ya aiko ka bakin taga?”

Abin bai zo wa Baba Ƙarami da dariya ba. Ya ce wucewa yake, Baba ya ce mai wucewa ba ya jin har sunan garin mai saye. Aka yi sa-in-sa, irin wadda ban taɓa ji tsakaninsu ba, har aka tono maganar iyakar gona ta shekarun baya. Sun ɗauki lokaci ba sa cin abinci tare. Da sabuwar masara ta nuna, Baba ya sa aka gasa ta farko ya ɗauka da kansa ya kai masa sashensa, shi ke nan aka wuce wurin. Ni kuma ya ce mini, “Abin da kika gani ya tsaya a bakin ƙofar nan. Ƙanina ne.” Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigidana. Baba Ƙarami ne da bakinsa ya ba da labarin daga baya a wurin sadakar arba'in, yana dariya yana share ido, shi ya sa na samu damar rubuta shi a nan.

Shi kuwa yaron, da ya kira bayan gwajin, maganar ruwan sama kawai ya yi. Baba ya ja shi da hira ta kowace hanya, ya ga bai san komai ba. Da ya ajiye waya ya ce mini, “Kurma ne. Amma kurman ma a riƙa sa masa ido.” Ya miƙa hannu ya zare.

To wannan akwatin ne ya tashi a ɗakin mamaci, gaban baƙi, a shekarar da kowa ke zargin kowa.

Na zaga bayan madafi na kira yaron. Bai samu jana'iza ba saboda nisa, yana shirin zuwa sadakar bakwai. Ban yi masa gaisuwa mai tsawo ba.

“Tsakaninka da Allah, akwatin nan yana jin magana?”

Ya ce, “Mama, har ke?”

“Har ni. A hannun Baba na zauna. Ba ka canza masa komai ba tun bayan nan? Babu wanda ka ba wa hanyar kunna shi?”

“Wallahi babu. Ni kaɗai ne.”

“To me ya sa ka shiga babu sallama?”

Ya ce, “Na yi sallama, Mama. Na kira wayarsa. Na san ba zai ɗauka ba, na dai kira, tana ringin ina yi masa sallama. Hotonsa nake nema, wanda yake tsaye a gonar Bakori. Na aika saƙon ne kawai, ban zaci zai tashi ba. Ai Tsoho kullum a zare yake barinsa. Wa ya jona?”

Wannan tambayar ta tsaya mini a rai. Tun da Baba ya kwanta jinya babu mai taɓa teburin nan. In ba Baba ya jona ba, to wani ya shiga ɗakin, kuma ban san nufinsa ba. Na fara bin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, har na ji kunyar kaina.

Na shiga wurin Hajiya, uwar maigidana, tana zaune a kan tabarmar takaba. Na durƙusa na faɗa mata a hankali. Sai ta ɗaga gefen mayafinta. Wayar Baba ce a cinyarta.

Ta ce, “Ta yi ƙara ɗazu, kafin hayaniyar zaure. Na ga hoton mijin nawa na Ikko. Ban iya ɗauka ba.” Ta ja numfashi. “Babu wanda ya jona. Tun farkon damina, da ƙafarsa ta fara kumbura, ya daina zarewa. In yaron ya kira sai ya ce tsaya in jona maka, ya zauna inda yake, ya ɗan motsa kujera don a ji, ya yi tari, sannan ya ce to shigo. Na ce Alhaji, wannan ai yaudara ce. Ya ce in ya sani zai daina kira. Ya ce kuma kukan fankar nan ya fi masa rediyo, in ta tashi ya san mutumin Ikko yana zaune lafiya yana aikinsa.”

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, baƙi sun ragu, aka aiko mini cewa Baba Ƙarami ya sa an kawo buhu. Ya yanke shawara za a sa akwatin a ciki a miƙa wa mai unguwa, shi kuma ya miƙa wa 'yan sa-kai su bincika. Ba zan ce mugunta ce ba. Tsoro ne. Cewa ya yi gara mu kai da hannunmu kafin a zo a ɗauka da ƙarfi, gidan nan bai taɓa jin kunya ba. Maigidana yana zaune a wurin, kansa a ƙasa. Baffansa ne ke magana, kuma a kan ɗan farinsa. Na san ba zai ce uffan ba.

Na kuma san abin da zai biyo baya. Ranar da aka ga an fita da buhu daga gidanmu zuwa wurin 'yan sa-kai, an gama. Ko sun buɗe sun ga hotunan suna da na biki kawai, unguwa ba za ta tuna abin da aka gani ba, za ta tuna an kai. Yaron nan ba zai iya sauka a tashar Funtua ya tako layinmu ya yi wa kakansa addu'a ba.

Na tsaya a tsakar gida ina juya gefen zanena. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yin magana a zaure ba. Hajiya ta leƙo ta ƙofarta ta ce, “Je ki. Ki ce ni na aiko ki.”

Na durƙusa a bayan ƙofar da ta raba zaure da cikin gida, na yi sallama. Mai unguwa, wanda sa'an Baba ne kuma abokin cin goronsa, shi ya amsa.

Na ce, “A yi mini afuwa. Hajiya ce ta aiko ni. Tambaya ce kawai, irin ta Baba. Akwatin nan, an gwada?”

Na ji wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Baba Ƙarami ya ce, “Ai gwajin za a kai shi.”

Na ce, “Baba, an riga an gwada. Marigayi ya gwada shi da kansa, ya sa ni shaida. Ya faɗa masa maganar gonar Bakori, da ƙarfi, yana kunne. Akwati bai kai labarin ko'ina ba.”

Nan na tsaya. Sauran labarin yana bakina, ban sake shi ba. A duk zauren mutum ɗaya ne ya san akwai saura, kuma ya san na sani. Ta tsagar ƙofa ina hango ƙafafunsa da bakin buhun a hannunsa. Ruwa yana ɗiga daga indararo. In ya ce bai san zancen ba, ban san abin da zan yi ba. Baba ya ce maganar ta tsaya a bakin ƙofa, ɗana kuma yana Legas yana haɗa jaka.

Mai unguwa ya ce, “Kai kana da labarin wannan gwaji?”

Baba Ƙarami ya sauke buhun a cinyarsa. Sannan ya ce, “Ina da shi.” Ya yi gyaran murya. “An gwada. Ba akwati ne ya ji ba.”

Babu wanda ya tambaye shi to wa ya ji. Mai unguwa ya tafa hannu ya ce, “To jama'a, me muke yi a nan? Mutumin da ya soke buhun amininsa, ya sansana man ƙosai, ya zauna ƙofar ajin mata da buzu, shi ya gwada abu ya bar shi kusa da kansa yana barci. Waye a cikinmu zai fi shi bincike? Duk wanda ya sake tayar da maganar nan a unguwa, a ce masa Alhaji ya gwada. In bai gamsu ba ya zo wurina.”

Baba Ƙarami ya naɗe buhun ya sa a hammata. Da zai wuce ta ƙofar da nake durƙushe, ya ɗan tsaya, bai dube ni ba. Ya ce, “Amma dai a riƙa sa masa ido.” Na ce, “To, Baba.” A raina na ce, jini ɗaya ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi, shi da ya tambayi kowa. Ya haskaka masa makwanci, ya ba Hajiya da mu juriyar rashinsa. Ya tsaya wa jikansa yana raye, ya kuma tsaya masa yana ƙarƙashin ƙasa, da halin nan nasa da wasu suke ganin aibi ne.

Da safe, bayan na ɗora koko, na karɓi wayar Baba daga wurin Hajiya na shiga ɗakinsa da tsintsiya. Ƙanshin turarensa yana nan. Na share, na goge teburin, na ɗauko wayar wutar daga ƙasa inda aka yar da ita na mayar da ita mazauninta. Na buɗe tagar nan mai kallon lungu, na bar ta a buɗe, duk mai wucewa ya ji. Sannan na aika wa yaron saƙo da hannuna, na ce ya kira wayar kakansa.

Ba a jima ba ta yi ƙara. Na ɗauka. Ya yi sallama, cikakkiya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na amsa masa.

Na ce, “Wa ya aiko ka?”

Ya yi wani sauti, ban san dariya ce ko kuka ba.

Na ce, “Ka taho gida, hanya a buɗe take. Amma tukuna tsaya in jona maka.”

Na zauna a kujerar Baba, na ɗan motsa ta don a ji. Na jira kaɗan.

Na ce, “To, shigo.”

Fitilar nan koriya ta ƙyafta, fanka ta tashi.